Tarin yaro da ledar kemis: zare daga Fagge

1/
Hunturu ya shigo, hazo ya rufe Kano, layin kemis ya fara tsawo. Uwa da yaro a goye yana tari, uba da tsohuwar kwalba a hannu yana cewa "irin wannan za ka ba ni". Yau sai na yi magana a kan abin nan, wanda zai ji haushi ya ji. Zaren da tsawo, ku gyara zama 🧵

2/
Tun kafin wani ya tambaya: ni ba likita ba ne. Ɗalibi ne, aji uku a jami'a, ilimin ƙananan halittu nake karantawa, a Fagge aka haife ni kuma a nan nake kwana. Abin da ya sa ni magana ba karatun ba ne ma. Ɗan yayata ne da muka kusa rasawa bara, kuma da hannuna a ciki.

3/
Watansa bakwai a lokacin. Ya fara da majina da atishawa, ɗan zazzaɓi, sai tari. Kwana biyu a haka Hajiyarmu ta ce, "Kai, tashi ka je kemis ka karɓo wa yaron nan magani, sanyi ne ya shige shi." Na tashi na tafi. Mai kemis bai ga yaron ba. Watanninsa kawai ya tambaya, ya ɗauro min kwalba huɗu a leda.

4/
Antibayotik na ruwa, sirof ɗin tari, farasitamol, da na ƙarin jini wai don ya samu ƙarfi. Bayan kwana biyu ba sauƙi, na koma. Ya ce ai wancan bai karɓe shi ba, ya canza min wani "mai ƙarfi", kuɗinsa ninki biyu. Maƙwabciyarmu kuma tana gefe tana cewa in ba allura aka yi masa ba, ba zai tashi ba.

5/
Dare na biyar yaro ya ƙi kama nono. Yaya ta ɗaga rigarsa, sai muka ga ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki duk jan numfashi, hancinsa yana buɗewa, ƙirjinsa yana fito kamar usur. Ƙarfe biyun dare, babu adaidaita ko ɗaya a titi. Maƙwabci muka buga wa ƙofa ya kai mu asibiti a motarsa.

6/
Nas tana maƙala masa abin auna iska a yatsan ƙafa, ko magana ba ta yi ba, ta ruga ta jawo oksijin. Da safe likita ta zazzage ledarmu a kan tebur ta ce, "Malam, a cikin nan farasitamol ne kawai ya yi aiki. Ƙananan hanyoyin iska na huhunsa ne suka kumbura, kuma yawanci bairos ke kawo wannan."

7/
Kwana huɗu muka yi. Abin da aka yi masa: oksijin, zuƙe majina, da ba shi nonon uwarsa ta robar hanci. Da ikon Allah ya tashi. Ni kuwa kunya kamar ƙasa ta tsage. Na zana jarrabawa a kan bambancin bairos da bakteriya, na ci, amma ni ne na yi sawu biyu zuwa kemis. To bari mu yi bayanin da ban yi wa gidanmu ba.

8/
Da Hausa duk "ƙwayar cuta" muke ce musu, shi ya sa muke rikicewa. Amma iri biyu ne da ba su haɗa hanya ba. Bakteriya halitta ce mai cin gashin kanta: tana da bango, tana ci, tana rabuwa biyu ta hayayyafa. Magunguna irin su amoksisilin da Ampiclox wannan bangon suke rusawa, sai ta fashe ta mutu.

9/
Bairos ba shi da wannan bangon. Ɗan ƙunshin saƙo ne kawai, sai ya kutsa cikin ƙwayar halittar jikin yaro, ya mayar da ita masana'antar buga irinsa. Antibayotik ya shiga jiki ya duba, babu abin da zai kama. Kamar ka ɗana tarkon ɓera ne don ka kama sauro. Ko ka sayo tarko mafi tsada a Sabon Gari, sauron yana nan.

10/
Kuma mafi yawan mura da tarin da yaranmu ke yi, bairos ne. Ga manyan masu laifin:
• Rainobairos, uban mura
• RSV, makashin jarirai
• Infuluwenza, mura mai kayar da mutum da zazzaɓi da ciwon jiki
• Farainfuluwenza
• Adinobairos
• HMPV
• Dangin korona
• Ƙyanda, wadda ita ma bairos ce

11/
Rainobairos ya fi kala 100. Yaro ya gama da wannan, gobe wani ya same shi a makarantar allo ko a hannun yayyensa. Shi ya sa ƙaramin yaro mai lafiya zai iya yin mura sau 6 zuwa 8 a shekara. Ba maita ba ce, ba kuma "jininsa ne ba ƙarfi" ba. Jikinsa ne yake koyon yaƙi ɗaya bayan ɗaya.

12/
Farainfuluwenza shi ya fi kawo tarin nan na dare mai kama da haushin kare, murya ta dishe. Adinobairos kan haɗa mura da jan ido, wani lokacin da gudawa. HMPV kuma, kun tuna yadda aka tayar mana da hankali a Janairun 2025 wai sabuwar cuta ta ɓulla a Chaina? Tun 2001 masana a Holan suka gano shi. Tsohon baƙo ne.

13/
RSV shi ne wanda ya kamata kowa ya riƙe sunansa. Kusan duk yaro yana kamuwa da shi kafin ya cika shekara biyu. A babba ɗan mura ne, har ya je kasuwa ya dawo. A jariri kuwa yana sauka cikin huhu, hanyoyin iskar da dama sirara ne su kumbura su toshe da majina. Yakan fi tsanani tsakanin kwana na 3 da na 5.

14/
Wani babban nazari da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai RSV ya sauka a huhun yara 'yan ƙasa da shekara biyar sau miliyan 33, ya kwantar da miliyan 3.6 a asibiti, ya kashe kimanin 100,000. Sama da kashi 97 cikin 100 na mamatan a ƙasashe marasa ƙarfi irin tamu suke.

15/
Bairos ɗin ɗaya ne a Landan da Fagge. Bambancin, can yaro yana isa ga oksijin da wuri. Nan kuwa sai ya zaga kemis biyu, ya sha jiƙo, an shafa masa man zafi, sannan a kai shi asibiti numfashi saura kaɗan.

16/
Akwai kuma binciken PERCH da aka fitar a 2019, a ƙasashe bakwai ciki har da Gambiya da Mali, maƙwabtanmu na Afirka ta Yamma. A yaran da nimoniya mai tsanani ta kwantar a asibiti, kimanin kashi 61 cikin 100 bairos ne sanadi, bakteriya kashi 27. RSV shi kaɗai ya ɗauki kusan kashi ɗaya cikin uku.

17/
Na san me za ku ce. "Ni dai na ba ɗana antibayotik kuma ya warke." Eh, ya warke. Murar bairos dama kwana 7 zuwa 10 take yi ta tafi da kanta, tarin kan ja har sati biyu ko uku. Kun ba shi a kwana na biyar, ya samu sauƙi a na bakwai, kwalba ta kwashi yabo. Zakara ma yana cara gari ya waye, amma ba shi ya fito da rana ba.

18/
"Ai majinar ta zama kore, dole sai antibayotik." A'a. Majina kan fara fara kamar ruwa, ta yi kauri, ta koma ruwan ɗorawa ko kore, duk a cikin murar bairos ta yau da kullum. Sojojin jinin yaro ne ke ba ta wannan kalar. Kalar majina ita kaɗai ba ta rubuta magani.

19/
"To ko bai yi amfani ba, ai ba ya cutarwa." Wallahi yana cutarwa. Yana kashe bakteriya masu amfani da ke cikin hanjin yaro, sai gudawa ta biyo baya, ku sake komawa kemis sayen maganin gudawa. Wani yaron ya feso da ƙuraje. Ga kuɗin cefane ya tafi a banza a wannan marra.

20/
Babbar illar ita ce bijirewa. Duk sanda aka ɗura wa yaro antibayotik ba dalili, ko aka ba shi kwana biyu aka ajiye sauran a saman firij don ƙaninsa, bakteriyar da ta tsira tana koyon kauce wa maganin. Ranar da ciwon gaske ya zo, a ba shi, ya zama kamar ruwan famfo.

21/
Wannan ba tatsuniya ba ce. An ƙiyasta cewa a 2019 bakteriya masu bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27 a duniya kai tsaye. Kuma in aka auna da yawan jama'a, yankin da ya fi kowane asarar rai shi ne Afirka ta Yamma. Mu ke nan.

22/
Amma illar da ta fi ƙona min rai ita ce ta ɓata lokaci. Ledar nan tana sa iyaye su ji "ai yana kan magani". Hankali ya kwanta, ido ya bar kan yaro ya koma kan cokali da agogo. Mu ma haka ta faru da mu. Kwana uku muna ƙirga cokali, babu wanda ya ɗaga rigar yaron ya kalli ƙirjinsa.

23/
Kada wani ya yanki rabin zaren nan ya ce na ce antibayotik ba kyau. Nimoniyar bakteriya tana nan, tana kisa, kuma amoksisilin yana ceton rai. Wani lokacin ma bairos ne ke buɗe ƙofa bakteriya ta biyo. Mashaƙon da ya addabi Kano daga ƙarshen 2022 zuwa 2023 bakteriya ce, sai da antibayotik da maganin dafinta.

24/
Abin da nake cewa: wanda zai yanke hukuncin a ba yaro antibayotik, ya zama ma'aikacin lafiya ne da ya ga yaron da idonsa, ya ƙirga numfashinsa, ya saurari ƙirjinsa, ya auna nauyinsa. Ba ni da aka aika da dubu biyar ba. Ba yaron shago da ke kallon TikTok da hannu ɗaya yana miƙo kwalba da ɗayan ba.

25/
Ga abin da nake so kowa ya ajiye a wayarsa. Yaro na tari? Jira ya natsu, ba yana kuka ba. Ɗaga rigarsa, kunna agogon waya, ƙirga ɗagawar ƙirjinsa na minti ɗaya cif. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, numfashi ya yi sauri idan ya kai:
• Ƙasa da wata 2: 60
• Wata 2 zuwa 11: 50
• Shekara 1 zuwa 5: 40

26/
In ya kai haka, asibiti a ranar. In kuma kun ga ɗaya daga cikin waɗannan, ko ƙarfe nawa ne, a fita:
• Ƙasan haƙarƙari na lotsawa ciki
• Ya kasa shan nono ko ruwa
• Yana amayar da komai
• Jijjiga
• Ya yi laushi, ba ya farkawa sosai
• Leɓe ko harshe ya sauya zuwa shuɗi-shuɗi
• Gurnani ko ƙara a numfashi alhali yana kwance shiru

27/
Jaririn da bai kai wata uku ba kuwa, zazzaɓi kawai ya isa dalilin zuwa asibiti. Haka bakwaini, da yaro mai tamowa, da mai sikila, da mai ciwon zuciya: waɗannan ba a jira da su. Kuma a Kano zazzaɓin yaro yana buƙatar gwajin maleriya, kada a ce mura ce kawai a zauna. Ga Hasiya Bayero, ga Murtala, ga asibitin unguwa.

28/
In babu ko ɗaya cikin alamun nan, yana shan nono, yana wasa tsakanin tari? A ci gaba da ba shi nono akai-akai, babba a ba shi ruwa da kunu. A ɗiga masa ruwan gishirin hanci na kantin magani a share majina kafin shayarwa. Farasitamol daidai nauyinsa in jiki ya yi zafi. A riƙa duba numfashin safe da dare.

29/
Zuma tana lafar da tari, amma ga wanda ya wuce shekara ɗaya. Ƙasa da haka haɗari ce, tana iya ɗauke da ƙwayar da ke shanye jikin jariri. Man zafi ba a cusa shi cikin hanci. Yaro mai zazzaɓi ba a naɗe shi da bargo uku. Kuma don Allah, tari ba belu ba ne, a bar wanzami ya huta.

30/
Sirof ɗin tari fa? Ga ƙananan yara ba a ga wani amfaninsa na kirki ba, wasu ma barci kawai suke sa yaro, ku ɗauka sauƙi ne. Kuma mun ga abin da gurɓatacciyar kwalba ke yi. My Pikin, maganin haƙori, ya kashe yara aƙalla 84 a Najeriya daga 2008. A Gambiya a 2022 yara kusan 70 suka rasu da ciwon ƙoda bayan shan sirof ɗin da aka shigo da shi daga Indiya.

31/
Mu Kanawa ba sai an ba mu labarin kwalbar tari ba. Mun ga abin da kodin ya yi wa samari da matan aure kafin gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da sirof mai kodin a 2018, bayan rahoton BBC. Duk daga wannan al'adar ce ta "tari? sayo kwalba".

32/
Shekara da shekaru Sabon Gari, wajen Malam Kato, ita ce cibiyar sarin magani ta Arewa, kwali kan kwali a cikin zafin rana. A Fabrairun 2024 NAFDAC da hukumar masu harhaɗa magunguna suka rufe shaguna sama da dubu a can, don a koma sabuwar cibiyar Dangwauro a kan titin Zariya. An yi ta rigima a kai.

33/
Tsaftace sari abu ne mai kyau. Amma ko an kai duk kwalayen Dangwauro an sa musu na'urar sanyaya ɗaki, matsalar da nake magana a kai tana kan kantar unguwa. Magani mai kyau, na asali, mai lambar NAFDAC, in an ba yaron da ba ya buƙatarsa, ɓarna ce. Kuma lasisin ƙaramin kemis bai ba shi damar zama likita ko yin allura ba.

34/
Kada kuma mu ɗora wa mai kemis shi kaɗai. Uwa mai 'ya'ya biyar, ta je asibiti tun asuba ta yanki kati, ba ta ga likita ba sai azahar, ga girki na jira, ga miji na ƙorafi. Kemis yana bakin layi, minti biyar, har bashi yana bayarwa. Talauci da dogon layi su ne manyan dillalan antibayotik a garin nan.

35/
Mu ma da namu. Likita ya duba yaro ya ce mura ce, a je a ba shi nono da farasitamol, sai a fito ana tsaki: "Wannan bai san aiki ba, ko allura bai rubuta ba." Gobe a tafi wajen wanda zai cika leda. Wasu ma'aikatan lafiyar ma don gudun surutu suke rubutawa. Mu muka koya musu.

36/
Ga abin da ya fi ba ni mamaki. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya haɗa yara kimanin 200 a Asibitin Zana, nan ƙaramar hukumar Fagge. Yara 11 suka rasu. Sai 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Tsoron da iyayenmu ke yi yana da tushe.

37/
Amma ku lura: Trovan ɗin nan antibayotik ne. Mun ɗauki tsoron mun ɗora wa rigakafin ƙyanda da ake yi kyauta, mun bar antibayotik muna sayensa kamar alewa. Mai rigakafi ta zo ƙofar gida a ɓoye yara a ɗaki, mai tallan magani a baro ya wuce a kira shi. Ina hankali a nan, jama'a?

38/
Ƙyanda bairos ce, kuma yawanci ta huhu take kashe yaro. Babu antibayotik da ke hana ta, rigakafi ne: wata 9, sannan wata 15. Allurar sati 6, 10 da 14 kuma su ke kare yaro daga mashaƙo, tarin shiƙa da manyan bakteriyar nimoniya. Ku je ku duba katin ƙannenku yau, ku ga ko an cike.

39/
RSV ma yanzu yana da rigakafi. Tun 2023 aka amince da wanda ake yi wa mai ciki don ta ba jaririnta kariya, akwai kuma wata allurar kariya ta jarirai. Ingila ta fara yi wa masu ciki a 2024. Inda aka fi mutuwa ya kamata a fi gaggawar kaiwa. Wannan ita ce tambayar da za mu riƙa yi wa masu neman ƙuri'armu.

40/
Da wannan: kowane asibitin sha-ka-tafi a Fagge, daga Kwaciri zuwa Rijiyar Lemo, ya samu abin auna iskar jini da oksijin mai aiki dare da rana. Ɗan abin da aka maƙala wa ɗan yayata a yatsa bai kai kuɗin wayar da kuke karanta zaren nan da ita ba. Kafin a sake rabon baro da buta, a saya mana shi.

41/
Na gida kuma namu ne. Sanyi shi kaɗai ba ya haifar da mura, sai da bairos. Abin da hunturu ke yi: mu cunkushe a ɗaki ɗaya mu rufe taga, ƙura ta busar da hanci. Sai mu ƙara da turaren wuta, maganin sauro mai hayaƙi, da kaskon gawayi a ɗaki a rufe. Huhun jariri ba zai iya da wannan ba. Samari, sigari da shisha ma a yi nesa da yara.

42/
Ranar suna kuma, jariri ɗan kwana bakwai yana yawo daga hannu zuwa hannu, mace hamsin, wata na atishawa, wata ta sumbace shi a baki. In kina mura, yi barka daga bakin ƙofa, ba a raina ki ba. A wanke hannu da sabulu kafin a ɗauke shi. Nono zalla wata shida. Mai jego, ki daure ki faɗa, ko gwaggo za ta yi fushi.

43/
Mu matasa mu ake aika kemis. Mu ke da waya, mu ke da data, mu ake tambaya "kai da ka yi boko, me ka gani?" In an miƙo maka kuɗi a ce karɓo wa yaro magani, ka ce, "Hajiya, bari in ga ƙirjinsa tukuna." Minti ɗaya ne. Ba rashin kunya ba ne, kuma ita ma jikanta take so ya rayu.

44/
Ɗan yayata yanzu yana gudu, jiya ma cajata ya tsinka. Satin da ya wuce ya yi mura, Hajiya da kanta ta ce in kawo waya a ƙirga. 32. Ta ce to a dama masa kunu. Ku tura wa gurup ɗin gidanku, musamman lamba 25 da 26. Masu kemis da za su zage ni, ga fili nan a ƙasa. Allah Ya raya mana yaranmu, Ya ba marasa lafiya lafiya. 🤲🏾